Yatsu Biyu da Wayoyi Huɗu

A shekarar dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da takwas, cikin watan da aka shimfiɗa wa titin tasha kwalta, Bahago ya fara taka shagon Mai Dalma. Ya shiga ne ɗauke da amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, a ka, gumi na tsiyaya, domin ta ɗauke wuta ana saura kwana biyu wasa. Bahago makaɗin jita ne a wata ƙungiya ta mutum shida da ke wasa a zauren taro duk Asabar da yamma. Da hagu yake kaɗa tsirkiya, dama ke danna ta, nan sunan ya samo asali. Mai Dalma kuwa mai gyaran rediyo ne, siriri, mai fensir a bayan kunne. Ya yi makarantar mishan har aji bakwai, ya fito da rubutu mai kyau da ƙin gaggawa.

"Jibi nake son ta," in ji Bahago.

"Ta ji ka," in ji Mai Dalma, bai ko ɗago ba. "Ajiye ta can, ka daina yi wa rediyon mutane haki a kai."

Ya gyara ta, ran Asabar kuma ya je zauren ba tare da an gayyace shi ba, wai ya ji aikinsa da kunnensa. Da aka tashi sai ya tare Bahago a bakin ƙofa ya ce masa hannunsa na da kyau, amma kayansa faɗa suke da juna.

A lokacin Bahago na da ƙananan akwatuna uku da ake takawa da ƙafa, waɗanda makaɗa ke kira feda. Ɗaya na sa jita ta yi kamar mai kuka, ɗaya na sa muryarta ta yi kaushi, ta uku kuwa amsa-kuwwa ce, tana maimaita abin da aka kaɗa. Bahago na jona su ne yadda tsawon waya ya ba shi dama. Mai Dalma ya nuna masa cewa in amsa-kuwwa ta riga mai kaushi, to mai kaushin za ta tauna amsar har ta koma taɓo. Ya samo katako mai tsawon kamu biyu, ya kafe su a jere: mai kuka da fari, sai mai kaushi, daga nan waya ta shiga gaban amfilifaya. Amsa-kuwwar kuwa sai ya huda ramuka biyu a bayan amfilifayar, murya ta fita ta ɗaya, ta ratsa fedar, ta dawo ta ɗayan, ta yadda ba abin da zai taɓa amsar sai lasifika. Mako uku ya yi a kan wannan aiki. Ranar da Bahago ya gwada, ya kaɗa tsirkiya ɗaya, ya tsaya yana jin ta tana tafiya tana dawowa garau, sai ya ce, "Kai, Injiniya, ashe shekara biyar ina wasa da bargo a kan lasifika."

Daga nan suka zama sai su. Mai Dalma bai taɓa iya kaɗa ko waƙar yara ba, amma duk Asabar yana bayan amfilifaya a kan kujerarsa ta katako, da sukudireba a aljihun riga.

A shekara ta biyar da haɗuwarsu aka sake wa zauren wayoyin lantarki, amfilifayar ta kama wani ƙugi da ba ya yankewa. Zaure ya cika, shugaban ƙungiya na duba agogo yana tsaki. Mai Dalma ya san maganin ƙugin na gaskiya, amma aikin awa biyu ne, ya kuma san na ɓarayin hanya. Fulogi na da ƙafa uku, ta ukun ita ce ke kwashe wutar da ta ɓace ta kai ta ƙasa. In aka karya ta, ƙugi kan yi shiru. Ya sa filaya ya karya ta. Wannan ce rana ɗaya tak da ya yi gaggawa a rayuwarsa.

A waƙa ta uku, hannun Bahago na dama na kan tsirkiya, ya miƙa hagu ya kama sandar makirfo. Wuta ta bi ta jikinsa ta jefar da shi. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ya fito da ransa, amma ƙaramin yatsan dama da na kusa da shi ba su sake lanƙwasawa ba.

Shugaban ƙungiya ya zo gadon asibiti da fulogin a hannu yana tambayar wanda ya yi wannan ɗanyen aiki. Mai Dalma na tsaye a ƙafar gadon, ya buɗe baki, sai Bahago ya riga shi.

"Ni ne. Ƙugin ya ishe ni, na ari filayarsa ba da saninsa ba."

Bahago ya san in maganar ta fita, ko tocila ba wanda zai sake kai wa shagon, ga Mai Dalma da mata da 'ya'ya uku. Mai Dalma ya dube shi, ya sunkuyar da kai. Ba su sake tayar da zancen ba.

Makaɗi mai yatsu biyu a hannun danni ba ya iya gudu a kan tsirkiya. Mai Dalma ya buɗe cikin amsa-kuwwar, ya sauya mata 'yan kayan ciki, ya daidaita ta yadda in Bahago ya kaɗa sau ɗaya, ita za ta cike gurbi biyun da yatsun suka bari, daidai da bugun ganga. Kafin kowace waƙa yakan ɗan murɗa ta, domin kowace da saurinta. Mutane suka ce Bahago ya fito da sabon salo, har matasa na ƙoƙarin kwaikwayo. Sau da yawa, suna nannaɗe wayoyi bayan wasa, Bahago kan yi niyyar cewa, ɗan'uwa, abin nan ya wuce, ban riƙe ka ba. Sai ya ga kamar faɗar ma tonon ciwo ne, sai ya ce, "Ka ga yadda mai ganga ya kwafsa yau?" A haka shekara talatin da shida suka shige.

Sannan amsa-kuwwar ta mutu. An daina ƙera kayan cikinta tun tuni. Autar Bahago, wadda ke aiki a wani gari, ta aiko masa da irin na zamani: akwati ɗaya mai ɗan allo da maɓallai, an ce feda ɗari na cikinsa. 'Yan ƙungiya suka sa masa suna Komai-da-ruwanka. Bahago ya jona shi a gaban amfilifaya kamar yadda ya ga ana yi, muryar ta fito a cushe, amsar na tafiya gabanta daban. Asabar biyu a jere ya ji kunya a gaban jama'a. Sabon shugaban ƙungiya, wanda a haife Bahago ya haife shi, ya ce cikin ladabi, "Baba, ko za ka ɗan huta zuwa a shawo kan na'urar?"

Bahago ya kai akwatin shago. Mai Dalma ya tsufa sosai a lokacin, ido ya yi hazo, ga tari. Ya shafa maɓallan da yatsa ya ce a bar masa. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi. Duk zuwan Bahago amsa ɗaya ce, da saura. A wata na uku ya ji an ce an ɗauki wani makaɗi na wucin gadi, ya nufi shagon ransa a ɓace.

"In ba ka iya ba ka faɗa min, in kai wa masu ido."

"Da saura kaɗan, Bahago. Ba na son in yi gaggawa."

"Yau ka san da haka? Ranar da ka ci min yatsu biyu ai ba ka tsaya jira ba."

Mai Dalma ya ajiye sukudireba a hankali, ya daidaita ta da gefen tebur. Ya ce, "Gaskiya ne."

Bahago ya fita. Tun kafin ya kai kwanar titi ya so komawa, amma ƙafa ta ƙi. Ya ce gobe. Gobe ta zo ya ce bari zuciya ta ƙara kwanciya. Ran kwana na sha tara, da hantsi, maƙwabcin shagon ya zo ya gaya masa Mai Dalma ya cika a asibiti. Bai ma san an kwantar da shi ba.

Bayan mako guda da binne shi matar Mai Dalma ta aika a kira Bahago. Ta buɗe masa shagon, ta zauna a bakin ƙofa. Akwatin na kan tebur a lulluɓe da tsumma, amfilifayar gwaji a gefe, ga wayoyi huɗu a nannaɗe. An ɗaura wa kowace zare, ta farko ƙulli ɗaya, ta biyu ƙulli biyu, har ta huɗu, an kuma ɗiga fenti a bakin kowane rami daidai da yawan ƙullin. A wata takarda, da rubutun nan mai kyau wanda yanzu ya fara karkata, an rubuta: ɗaya, daga jita zuwa akwati. Biyu, daga akwati zuwa gaban amfilifaya. Uku, daga bayan amfilifaya zuwa akwati. Huɗu, daga akwati zuwa bayan amfilifaya. Tsarin katakon nan ne ya mayar cikin akwatin, mai kuka da mai kaushi a gaba, amsa-kuwwa a baya. A ƙasa ya jera waƙoƙin ƙungiyar ashirin da bakwai, kowace da lambarta, an daidaita saurin amsarta, don kada a sake buƙatar mai murɗawa.

"Da gilashin ƙara girma ya karanta littafin na'urar, layi-layi," in ji matar. "Ran da kuka yi maganar nan ma bai ci abinci ba, nan ya wuni."

"Ya gaya miki abin da na ce?"

"Bai faɗa ba. Ni dai daga cikin gida na ji muryarka."

Bahago ya ɗauki jitar gwaji, ya juya ta hagu, ya jona wayoyin yana ƙirga ƙulli. Ya taka lamba ɗaya, ya kaɗa. Muryar jitarsa ce ta da, ba ƙari ba ragi. Ya bar amsar ta ƙare, bai sake kaɗawa ba.

"Yaya, akwai rubutu a bayan takardar," in ji matar. "Ya ce in tabbata ka gani."

Ya juya ta. Waƙoƙin nan ashirin da bakwai ne aka sake jerawa, da wasu lambobi daban, daga talatin da ɗaya zuwa sama. A kansu an rubuta layi ɗaya: na ranar da yatsan tsakiya ya ƙi gaba ɗaya.

Bahago ya dubi hannunsa na dama. Kusan shekara guda kenan yatsan tsakiyar na yi masa nauyi da safe, yana sanɗarewa a tsakiyar waƙa. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa Auta ba, kuma ya yi zaton ba wanda ya ji a cikin kiɗan.

Matar ta ce ko ta kira mai tasi ya kai masa kayan gida. Ya ce ta ɗan ba shi lokaci tukuna. Ta ja ƙofar shagon, ta bar shi a ciki.