Wurin da Kaka Ta Riƙe a Bencin Baya

Kafin in fara, ya kamata in faɗi cewa ban amince da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Abin da zan rubuta ya faru ne ina ƙarama, wajen ƙarshen shekarun tamanin, kuma yawancin waɗanda za su iya gyara mini sun rasu ko sun watse. Akwai abin da na gani da idona, akwai kuma wanda aka ba ni labari har ya zauna a kaina kamar na gani. Zan yi ƙoƙari in bambanta su. Inda na kasa, a yi mini uzuri.

Gidan haya muke zaune a Kinkinau, ni da kakata, Kaka Lami. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, da rijiya a tsakar gida, kuma mu kaɗai ne Kirista a cikinsa. Kaka mutuniyar wani ƙauye ce a gefen Malumfashi, ta biyo ɗanta Kaduna bayan mijinta ya rasu. Ƙosai take toyawa a ƙofar gida da yamma. Da zarar an kira magariba maza sun tafi masallaci, sai ta sauke kasko, ta kwaso garwashin a tsohon kwano ta shigo da shi ƙofar ɗakinmu. Nan yaran gidan ke taruwa. Akwai Binta da ƙanenta Garba, 'ya'yan Malam Sani direba ɗan Katsina, akwai kuma Halima, wadda babanta ke aikin gwamnati, ita ce mai zuwa da kujerarta don kada rigarta ta yi datti. Kaka ba ta jan tatsuniya ta yi tsawo. Kafin lisha ta gama, iyaye mata su fara kira daga ɗakuna, kowa ya amsa ya tashi. Ni ba a kira na, don ina gida. Nakan zauna in ga yadda garwashin ke rufewa da toka, ina sauraron ƙarar kwanuka daga ɗakunan mutane.

Dole in yi bayanin yadda aka yi na zauna a hannun Kaka, in ba haka ba sauran labarin ba zai fito ba. A ikilisiyarmu, idan mutum ya faɗa cikin babban zunubi kuma ya amsa, akan sa shi horo. Ba a korarsa. Yakan zo sujada, amma ya zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, ba ya shiga mawaƙa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, sai dattawa sun ga tubansa ya zauna, sannan a kira shi gaba a yi masa addu'a a mai da shi cikin jama'a. Mahaifiyata, Saratu, tana cikin mawaƙa lokacin da cikina ya bayyana. Ta tsaya gaban dattawa ta amsa, ta kuma faɗi sunan wanda ya yi: Yohanna, shugaban mawaƙa, ɗan Kaka. Shi ya ce bai san zancen ba. Ban ga wannan da idona ba, ba a ma haife ni ba. Amma bayan na girma Kaka ta gaya mini cewa kafin ranar ya shigo ɗakinta yana kuka ya faɗa mata gaskiya, da ya je gaban dattawa kuma sai bakinsa ya juya. Mahaifiyata ta yi zaman bencin baya har aka haife ni, aka mai da ita, daga baya ta yi aure ta koma can wajen Kachia. Da aka yaye ni Kaka ta je da kanta ta ɗauko ni a bayanta. Ba ta yi wa kowa bayani ba.

Na taso ina kiransa Kawu. Kaka ba ta taɓa ce mini in kira shi haka ba, ba ta kuma hana ni ba.

Za a iya tambaya, me ya hana ta tsayar da shi ta faɗa masa a fuska? Shi ne ɗanta na fari. Kaka ta karɓi bangaskiya tun tana budurwa, amma kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba. Ba ta ambaton sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa doguwar magana. Idan ya zo sai ta ce mini, "Ƙawata, kawo wa baƙon nan ruwa." Idan tana son ya ci abinci, sai ta gaya wa bango cewa tuwo na hucewa. Ban san ko wanda bai tashi cikin wannan al'ada ba zai gane nauyinta. Mace ce da ke iya tsawata wa ɗan dako a kasuwa har ya ba da haƙuri, amma a gaban ɗan cikinta harshenta a ɗaure yake.

Ranar da nake son ba da labarinta Asabar ce, wannan na tabbata. Kawu ya zo a kan Vespa ɗinsa daga Doka, inda yake zaune da iyalinsa, da sabuwar atamfa a leda. Washegari za a naɗa shi dattijon ikilisiya.

"Rahila, ga Kawunki mai irin hancinki," in ji Binta.

"Ke Binta, bakinki ya girme ki," in ji shi, yana dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. Ya durƙusa ya gaishe da Kaka, ya ajiye ledar. "Inna, gobe a benci na gaba za ki zauna. An keɓe wa iyayen dattawa wuri. Ki ɗaura wannan."

Kaka ta dubi garwashi. "An gode wa mai kawowa. Ƙawata, ba baƙo tabarma, kada ya tsaya mana a ka." Sannan ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan tafe, mai kunne ya matso."

"Ta zo mu sha!" in ji Garba, wanda kullum sai ya ɓata amsar don a yi dariya.

Tatsuniyar ta wasu samari biyu ce abokan juna, da suka tsallaka shingen ƙaya suka shiga lambun wata tsohuwa satar gauta. Wajen fitowa kowannensu ya taka ƙaya, ta karye a tafin ƙafa. Duk garin an san irin wannan ƙaya a shingen tsohuwar kaɗai take, saboda haka wanda ya nuna ƙafarsa ya tona kansa. Na farko ya kwana bai runtsa ba, da safe ya ɗingisa zuwa wurin wanzami a tsakiyar kasuwa. Wanzami ya tsaga, yaron ya kurma ihu, mata masu sayar da daddawa suka yi ta shewa, tsohuwar lambu ta zo ta zazzage shi tas. Har yara suka yi masa waƙa. Kafin lokacin girbi ya zagayo ƙafa ta warke, waƙar ta tsufa, ya koma gona.

Na biyu ya ce shi bai taɓa bin hanyar lambun ba. Ya sa takalmi, ya cije, yana tafiya a miƙe. Ƙafa ta kumbura, ya sa aka ɗinka masa babban takalmi. Da tafiya ta gagara, sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya zauna, ya lulluɓe ƙafar da riga. Mutane suka ce, kai, wannan yaro akwai natsuwa, ba ya yawo, ba a ganinsa a dandali. Aka fara kawo masa shawara. Aka fara kawo masa shari'a. Da mai gari ya mutu, aka ce wa ya fi shi kamun kai, aka naɗa shi.

"To ai ya ci riba ke nan," in ji Halima.

"Haka mutanen garin suka ce," in ji Kaka. "Sai ran nan aka aiko uwarsa na kan gargara a wancan ƙetaren rafi, tana kiransa. Doki ba ya shiga rafin, sai da ƙafa, kuma sai an cire takalmi. Ga jama'a sun taru a bakin ruwa za su raka mai gari."

Ta ɗauki tsinke tana tona garwashi.

"Ya cire?" in ji Garba.

"Ban sani ba, ɗan nan. A nan wadda ta ba ni ta tsaya. Wataƙila har yanzu yana bakin ruwan."

"Wannan ba tatsuniya ba ce, Kaka, ba ta da wutsiya!" Binta ta ce, tana bubbuga ƙafa.

Kawu ya tashi ya kakkaɓe wandonsa. Abin da na tuna shi ne ya ce, "Inna, kina tsorata yara." Binta, da muka haɗu bayan shekaru, ta ce ita abin da ta ji shi ne, "Inna, ya isa." Ban san wanne ne daidai ba. Mun dai yarda cewa ya daɗe yana buga Vespa ɗin kafin ta tashi, kuma bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari Kaka ta ɗaura sabuwar atamfar. Na yi murna, na ɗauka gaba za mu zauna kowa ya gan mu. Muna shiga sai ta riƙe hannuna ta juya dama, ta zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa. Ba kowa a kansa a ranar. Wani matashi mai tsara zama ya zo da sauri, ya sunkuya.

"Mama, nan ba wurinki ba ne. An ajiye miki a gaba."

"Na sani, ɗana," in ji ta. "Ina riƙe wa wani ne."

Daga can baya na ga an kira dattawan gaba, an tambaye su ko akwai abin da zai hana su ɗaukar wannan aiki. Na ga Kawu ya waiwayo sau ɗaya. Ina ganin kamar ya daɗe yana dubanmu, amma mai yiwuwa tsoro ne ya tsawaita mini lokacin. Ya juya ya amsa tare da sauran cewa babu. Aka ɗora musu hannu. Mawaƙa suka tashi.

Kaka ba ta sake zama a wani benci ba har ta rasu, a tsakiyar shekarun casa'in. Fasto ya zo gida ya roƙe ta, matan zumunta suka yi ta magana, ta ce ƙafafunta ne ba sa kai ta gaba. Amma takan tashi ta je ta karɓi Jibi ta dawo wurinta. Wani lokaci mukan zauna da wanda ke horo na gaske, wata yarinya mai ciki ko wani magidanci da giya ta kayar, Kaka ta matsa musu, ta buɗe littafin waƙa su duba tare ko da yake ita ba ta iya karatu ba. Yawancin Lahadi kuwa mu biyu ne kawai, da iskar ƙofa. A nan na girma, ina kallon ƙeyar mutane.

Na yi jami'a, na karanta abubuwa da dama, amma ba zan ce na fahimci tuba fiye da yadda na gan shi a mutum biyun da suka haife ni ba. Ina zuwa wurin mahaifiyata lokaci-lokaci. Tana da dariya mai ƙarfi, tana waƙa tana shara, kuma idan zancen ya taso takan ce, "Na yi, na faɗa, an yafe mini," ta ci gaba da abin da take yi. Kunyar ta ƙone ta sau ɗaya a gaban kowa, ta wuce. Shi kuwa ya rayu da daraja. Ba na so in zalunce shi: ya taimaki mutane, ya sasanta aure da yawa, ni ma bai taɓa barina da yunwa ba. Amma ban taɓa ganinsa ya zauna cikin mutane ya sake ba. Duk inda nake, idonsa na wani wuri. Ina zaton ya yi ta jiran ranar da faɗin gaskiya zai yi sauƙi, ita kuwa kullum ƙara nauyi take, domin kowace shekara akwai ƙarin mutanen da za su ji kunya tare da shi. Da ina ƙarama na ɗauka Kaka hukunta shi take yi da zaman nan. Yanzu ina ganin ba haka ba ne. Tana so ne ya san cewa ranar da ya taho baya, ba shi kaɗai zai zauna ba.

Kawu bai daɗe da rasuwa ba. Na je asibiti kwana kaɗan kafin nan. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko ni wace ce, ya buɗe baki, ya daɗe, sannan ya ce, "Ta gida ce." Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa a sa'o'in ƙarshe ban sani ba, ba kuma ni ce mai shari'a ba.

Wannan shi ne iyakar abin da nake da shi. Idan akwai wanda ya zauna a gidan nan na Kinkinau, ko ya yi sujada tare da mu a waɗancan shekaru, ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙo ya aiko ya gyara mini, ba zan ji haushi ba. Musamman tatsuniyar, idan wani ya san ƙarshenta. Akwai kuma abu ɗaya da na fi so a gyara mini, idan har kuskure na yi. Na rubuta kamar bai taɓa amsawa ba. Idan wani ya taɓa jinsa, a ofis ko a hanya ko cikin addu'a, ko da sau ɗaya, ko da a ɓoye, ya ce Rahila 'yarsa ce, don Allah ya gaya mini.