Baƙuwar da Ta Ƙi Ruwan Ƙoƙo

Shekarar da aka kai ni ɗakin miji a Filinge, Nasara bai tafi ba tukuna. Maigidana mushe ne, wato malami, a lakwal, makarantar boko, yana koya wa ƴaƴan Kurfayawa Faransanci, kuma mutum ne mai son tarkace. Duwatsu, gashin tsuntsu, ƙahon barewa, duk yana tarawa a ajinsa, wai darasi ne. Cikin tarkacen har da hawainiya mai rai, wadda ya kamo da kaka a gonar gero, ya sa ta cikin akwatin sabulu da aka rufe wa fuska da ragar waya.

Da bazara ta kama aka kira shi Yamai ƙarin karatu. Ranar tafiya sai ga shi rungume da akwatin nan, ya dire mini a ƙarƙashin rumfa.

"Ga amana," ya ce. "Ki ba ta ƙuda da ruwa. In iske ta da rai hwa."

Iyakar bayanin ke nan. Ya hau babbar motar da ke bi ta Baleyara, ya bar ni da wata aba mai ido ɗaya gabas ɗaya yamma. Wannan ce amana ta farko da ya taɓa ba ni, na kuwa ƙudura a raina ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya same ta tana numfashi.

Uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta leƙo ta ja da baya tana salati.

"Wagga aba cikin gida? In tat tohwa miki yawu jikinki shi yi dabbare-dabbare har ki mutu. Kak ki taɓa mini ƙwaryar hura da hannun da kit taɓa ta."

Tun daga ranar aka raba ni da damun fura, matan unguwa kuma suka rage shigowa aron rariya.

Ƙuda na fara. Na bi su da mafici na karkashe, na jera mata a sakaina kamar goron biki. Ko kallo ba su ishe ta ba. Na kawo soyayyiyar fara, ta juya mini baya. Ashe gimbiya ba ta cin mushe, sai abin da ke motsi. Ni da aka yi wa lalle kwanan nan, na koma bin bango ina cafkar ƙuda da tafin hannu, yaran maƙwabta na leƙe ta dangar kara suna dariya. Sai daga baya dabara ta zo mini, na shafa ɗan tsamin fura a sakaina na tura cikin akwatin, ƙudaje suka riƙa kai kansu ta idon raga. Ranar da na fara ganin harshen nan ya fito ya koma, sai da na yi tsalle.

Ruwa ne ya nemi kashe mu, ni da ita. A Kurfai baƙo ba ya buɗe baki sai an miƙa masa ruwa a ƙoƙo, ni kuwa abin da na sani ke nan. Na zuba mai sanyi daga randa na aje mata. Ta taka gefen ƙoƙon ta wuce. Na ce ko ƙoƙon ta raina, na sauko da tasa daga jerena, sabuwa fil. Ta ƙi. Na yi mata farau-farau, na gwada nono, duk a banza.

"Ɗiyata, bar wahal da kanki," in ji Inna. "Iska ta abincinta, iska ta ruwanta. Tun kakanni haka munka ji."

Amma iskar ba ta riƙe ta ba. Idanunta suka faɗa ciki, fatarta ta yamutse, ta daina ko kula ƙudan. Wata rana na same ta ta faɗo daga reshen gawon da nake sa mata, tana kwance a gefe. Tsoron yawun nan bai sake ni ba, amma na naɗe hannu da tsumma na ɗauke ta, na tsoma bakinta cikin tasa. Ta kumbura, ta yi baƙi ƙirin, ta hura mini iska kamar na zagi ubanta. Na zauna na yi kuka, rabi tausayi, rabi haushin mutumin da ya san Faransanci amma bai san ya yi wa matarsa bayani ba.

Da la'asar ɗin ranar na dawo daga rijiya, wuya kamar zai karye, na tarar da tasar a cike yadda na bar ta. Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauki tasar na watsa wa akwatin ruwan gaba ɗaya.

"To mutu in huta!"

Na juya zan tafi, sai na ga tana jan jiki. Ta kai baki ga wani ganye da ruwa ke ɗiga, ta lasa. Ta matsa ga na gaba, ta lasa. Ashe abin da take jira ke nan duk kwanakin nan, ɗigo a kan ganye, irin na raɓa. A lakwal ma, na ji daga baya, ƴan aji ne ke yayyafa wa ganyen ruwa don kada ya bushe, ba wanda ya lura da cewa shi take sha.

Daga nan kullum safe da yamma sai in tsoma tsintsiya a ruwa in yayyafa. In fito da akwatin ta sha hantsi, in rana ta take in mayar inuwa. Inna ta ce amarya ta zama hadari, tana yi wa hawainiya damana. Da fatarta ta fara ɓarewa fari-fari, Inna ta rantse kuturta ce, ni ma cikina ya ɗuri ruwa, sai ga shi saɓa ce kawai, ta fito kore shar. Bayan haka na kama tsohuwar tana kwance bakin zanenta tana tura mata fara mai rai. Ta ce wai faɗo mata ta yi a jiki.

Maigida ya dawo bayan ruwan fari. Ya duƙa ya dubi akwatin, ya ce madalla. Ina jiran sauran yabon, sai ya zaro wata kwalba mai faɗin baki daga jakarsa, cike da ruwan magani mai hawa ka.

"A Yamai anka koya muna," ya ce. "In an sa dabba ciki, shekara da shekaru ba ta lalacewa. Nasara mai duba lakwal na nan tahe, gobe in sa ta. Shi yas sa nic ce in iske ta da rai, kar ta ruɓe kahin in dawo."

Kunyar amarci ta hana ni yi masa musu. Wato duk ƙudan da na bi, duk furar da aka hana ni damawa, don kwalba ne.

Washegari da hantsi, yana fita gaida mutane, na ɗauke ta da hannuna, ba tsumma, na nufi wani kalgo a bayan gari. Na ɗora ta a reshe na ce ta gudu. Gudu! Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya tana shawara. Na roƙe ta, na zage ta, na tura ta da kara, ko a jikinta. Ƙasa da danshi, sawuna a fili, ban ankara ba sai ga maigida tafe da kwalbarsa.

"Ina take?"

"Ga itace nan, mushe. Duba."

Tana nan daidai hancinsa, kore cikin kore. Na sunkuyar da kai. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ce ta ɓace, mu tafi gida. Nasara ya zo ya tafi, aka rubuta wa maigida cewa ajinsa da sauran gyara, ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata da ka.

Mun tsufa, jikoki sun cika gida, wata damina hawainiya ta ratsa tsakar gidanmu. Na ba shi labarin yadda na rufe masa ido a gindin kalgo, ina dariya.

"Na gan ta," ya ce. "Ido ɗaya tana dubana. Hannunki nid duba, na ga da shi kid ɗauko ta, ba tsumma."

Na ce to ya bar ni shekara da shekaru ina jin kaina gwana? Ya ce ai ban tambaya ba. Har ya koma ga Allah, mutumin nan bai koyi yin bayani ba.