Gilashin da Ya Ƙi Goguwa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai goge-goge ne a wani asibitin haƙori da ke cikin wani dogon bene. Tun ina ƙarami nake ganinsa yana dawowa da yamma, jaka a kafaɗa, ya zauna a bakin ƙofa, ya tsoma ƙafafunsa cikin bahon ruwan ɗumi har ruwan ya fara hucewa. In ka zauna kusa da shi ba ka dame shi da tambaya ba, shi zai fara magana da kansa. Ta haka na ji yawancin abin da ke nan.

Aikinsa shara ne da mofa da wankin banɗaki, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi ne mai gilashin kifi. A ɗakin jira na asibitin akwai wani tankin gilashi, tsawonsa ya kai na gado, cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai duwatsu da murjani mai rai, wani kamar reshe, wani kamar tsokar da ke numfashi, ga ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa. Samansa a buɗe yake, da fitila mai shuɗin haske a rataye. Likita ya ajiye shi ne don masu ciwon haƙori su sami abin kallo, su ɗan manta da ƙarar injin da ke jiransu a ciki.

Cikin tankin ba ruwan Kawu da shi. Akwai mai kifi da ke zuwa jefi-jefi ya duba ruwa, ya kankare gansakuka. Na Kawu shi ne waje: shatin yatsun yara, maiƙon goshi da hanci, wani lokaci har da na leɓe, sai farin gishirin da ke bushewa a gefen baki inda ruwa ke fantsama.

Ranar da aka kawo tankin, mai kifi ya ja masa kunne a kan abu ɗaya: kada ya kuskura ya fesa komai a ɗakin. Shuɗin ruwan nan da ake goge taga da shi, mai hawa kai, in iska ta ɗauki ɗan kaɗan ta sauke a kan ruwan, murjani zai ƙanƙance ya mutu, kifi ya bi bayansa. Daga wannan maganar Kawu ya tsara yadda zai riƙa yi, bai kuma canza ba har gashinsa ya yi fari. Yakan fita baranda, ya ja ƙofa, ya juya wa ɗakin baya, ya fesa ruwa da ɗan ruwan khal mai tsami a cikin ƙyalle, sannan ya dawo. Gishiri yakan fara jiƙa shi da ruwa zalla har ya yi laushi, don in ka goge shi a bushe zai karce gilashi. Sai ya ja shi ƙasa, ba ya taɓa turawa sama wajen bakin ruwan. Daga nan ƙyalle na biyu, busasshe, a hankali, ba ya jingina, ba ya ƙwanƙwasawa.

Ƙyallayen nan biyu a gida yake wanke su, da ruwan zafi kawai. Matarsa, wadda duk muke kira Iya, ta taɓa tausaya masa ta haɗa su da wankinta, ta sa sabulu mai ƙamshi. Bai yi faɗa ba. Ya shinshina, ya mayar da su na banɗaki, ya nemo wasu. Tun daga ranar Iya ta sa wa kifayen suna masu gida. In ya shigo da yamma sai ta ce, "Ya ka baro masu gidan? Sun ce a gaishe mu, ko har yanzu ba su san da mu ba?" Shi kuwa ya ce ai sun fi wasu kirki, tunda ba su taɓa tare shi da magana a bakin ƙofa ba.

A bara ne gilashin ya fara ba shi wahala. Ya ce wani dishi-dishi ya zauna a kai, kamar an hura masa numfashi, ya fi yawa ta sama kusa da fitila. Ya goge, ya ja baya ya duba, yana nan. Ya canza ƙyalle, ya ƙara ruwan khal, ya rage, duk ɗaya. Ya tambayi mai kifi ko ruwan ne ya gurɓace. Mai kifi ya auna ya ce ruwa lafiya lau, gilashi ma tas yake. Kawu ya ɗauka kara ce kawai ya yi masa, irin wadda ake yi wa dattijo.

A gida kuwa Iya ta fara lura yana zuba shayi a gefen kofi, yana kuma neman silifas ɗinsa alhali ga su a gabansa. Ta yi magana, ya ce gajiya ce. Gajiyar ma gaskiya ce. Hantsi yakan ɗaga yana tsaye gaban tanki yana murza, banɗaki na jiransa, sai ya ƙarasa sauran aikin a guje, gwiwarsa na ƙara.

Shugabar masu goge-goge a benen, wadda suke kira Mai Makullai saboda ƙararsu ke riga ta isowa, ta same shi wata safiya. Ba ta ɗaga murya ba, don tana ganin girmansa. Ta ce an yi ƙorafin banɗaki, sannan ta nuna masa shatin hannun yaro ɓaro-ɓaro a ƙasan gilashin, wanda duk murzarsa bai taɓa ba. Ta ce in aikin hawan da asibitin yake ya yi masa yawa, za ta ba wani da ake kira Dogo, shi kuma ya koma matakala da wurin ajiye motoci.

Wannan magana ta tsaya masa a rai. Matakala aikin gwiwa ne, daga sama har ƙasa, da bokiti a hannu. Amma ba gwiwar ce ta fi damunsa ba. Dogo abokin aikinsa ne, mutumin kirki, sai dai komai ya gani fesawa yake yi, har allon lif ɗin hawa bene da ganyen fulawar roba. Shi ne ma ya ba Kawu shawara a ɗakin ajiye kaya.

"Dattijo, kai ma da wahalar da kai. Shuɗin nan sau ɗaya za ka ɗan shafa, ka ga aiki. Kifi ai ba hanci ne da su ba."

Kawu ya ce masa Allah ya shirye shi. Amma maganar ta bi shi gida, ta zauna da shi a bakin baho. Ya ce min a kwanakin nan ya gaji irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Ya fara gaya wa kansa ai a ƙyalle zai sa, ba a iska ba, kuma ba zai kai bakin ruwan ba, duk da ya san dishi-dishin a can saman yake, dab da baki.

Wata safiya, kafin masu ciwo su fara zuwa, ya ɗauko robar shuɗin ruwan ya shigo da ita ɗakin jira, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya gaban tankin. Akwai wani ɗan kifi mai ruwan goro da farin zane, wanda ya saba bin ƙyallensa daga ciki, ya taso ya tsaya daidai hannunsa. Kawu bai dube shi ba. Ya ce ya riga ya yanke shawara, amma ƙafafunsa suka yi abin da suka saba: suka fitar da shi baranda, hannunsa ya ja ƙofa, ya juya baya.

Ranar an bar tagar baranda a buɗe. Yana fesawa iska ta dawo masa da feshin a fuska, ya shiga idonsa na dama. Ya yi salati, ya danne idon da bayan hannu, hawaye na zuba. A haka ya juya, ya hango ɗakin ta gilashin ƙofa.

Tankin tas yake. Ya ga kowane reshen murjani, ya ga zanen da ke jikin ɗan kifin, har shatin wani ɗan yatsa can ƙasa ya gani. Ya jira zafin ya lafa, ya buɗe idon dama ya rufe na hagu. Komai ya koma kamar an rufa masa farin gyale. Ya sake musanyawa. Ya daɗe a wurin yana rufe wannan yana buɗe wancan, ƙyallen mai wari a hannunsa, har ya ji ƙarar makullai.

Mai Makullai ta tambaye shi lafiya, ganin idonsa ja.

"Ranki ya daɗe, ashe gilashin ba shi da laifi," ya ce. "Ni ne na dusashe. Ki ba Dogo hawan."

Ta ce ya bari ya ga likitan ido tukuna, ba sai an yi gaggawa ba. Ya ɗaga mata robar ta gani.

"Kin ga abin da na ɗauko yau. Gobe ban san me zan ɗauko ba."

Ya jefa ƙyallen a shara, ya wanke hannunsa har gwiwar hannu, ya wanke ido, ya tafi ya wanke banɗaki.

Likitan ido ya ce yanar ido ce, ta kama na dama sosai, ta fara taɓa na hagu, kuma ana cirewa. An ba shi rana, sai dai da sauran jira. Da Iya ta ji, ta ce to ita da ta faɗa tun tuni ai ba likita ba ce, shi ya sa. Ta faɗa tana ƙara masa ruwan zafi a baho.

Kafin ya bar hawan, Kawu ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya nuna wa Dogo da kansa. Ya damƙa masa ƙyallayen biyu, ya fitar da shi baranda, ya kama kafaɗunsa ya juya shi kamar mai koya wa yaro tafiya. Dogo yana ta mita, wai shi da gemunsa za a koya masa juya baya.

Yanzu Kawu matakala yake yi. Yana farawa daga sama, yana saukowa da bokiti, hannu ɗaya a ƙarfen riƙewa. Yana daɗewa a bakin baho fiye da da, wani lokaci har ya yi gyangyaɗi a zaune. In ya iso hawan asibitin yakan ajiye mofa ya huta, ya rufe idon dama, ya leƙa ta gilashin ƙofa. Ya ce min ya taɓa tarar da Dogo a baranda, ya juya baya yana fesawa a ƙyalle, yana gunaguni shi kaɗai.

Jiya da ya shigo, Iya ta tambaye shi masu gidan.

"Suna nan," ya ce, yana cire takalmi da ƙyar. "Dogo ya bar gishiri a kusurwar hagu. Gobe zan gaya masa ya jiƙa kafin ya goge."