Ɗakin Turaren Ya Falmata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Ya Falmata, kuma har yau ban iya dafa abincin mutum ɗaya ba. Kullum sai ya yi saura.

Mu biyu muka rage a gidan mahaifinmu da ke Gomari, bayan mazajenmu sun rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Sana'arta haɗa turaren wuta. Tana da wani ɗan ɗaki a bayan gida inda take soya itacen turare a kan gawayi, kuma ba ta yarda a buɗe ƙofa ko taga, wai ƙamshin zai gudu. Duk ranar da ta yi aiki sai ta fito da ciwon kai da jiri, wani lokaci har da amai. Mu duka muka ɗora wa zazzaɓin sauro laifi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar da abin ya faru ana ruwa tun hantsi, ga aikin wata amarya daga Khaddamari yana jiranta. Ta hura kasko biyu, ta ja ƙofa. Da aka kira azahar ban ji motsinta ba, sai na leƙa. Na same ta jingine da bango kamar mai gyangyaɗi, ludayi na hannunta. Maƙwabciyarmu Mama Ngozi, mai shagon atamfa, ita ta taya ni fito da ita, ta tare mana keke napep a cikin ruwan. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

Likitan ya zaunar da ni ya ce, "Hajiya, ba hayaƙin da ake gani ne ya kashe ta ba. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum sai dai ya ji barci." Ya ce janareta ma haka yake, ko a baranda aka ajiye shi kusa da taga.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Matan da ta koya wa sana'a yanzu a waya suke tallar turarensu, har Legas ake aikawa. Na san za ta taɓe baki, ta ce ƙamshi ba ya shiga hoto. Amma da ta ga suna suya a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, ina jin da farko za ta yi faɗa, daga baya ta sauko. Ni na bi su gida-gida na roƙe su su daina suya a rufaffen ɗaki. Wasu sun ji, wasu sun ce ajali ne. Ban musa ba, amma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin yi.

Ba ta bar dukiya ba, kuma ta tafi da sirrin haɗinta, don ko matan da ta koya wa sana'a ba ta ba su shi ba, ni kuma ban taɓa koya ba. Abin da ya saura shi ne mata masu ci da kansu ta dalilinta, da kuma ni, da nake juyawa da yamma in ba ta labari, sai in tarar da tabarma kawai.

Allah Ya jiƙanki, Ya Falmata, Ya sa kin huta.