Shekarar da Kwamiti Ya Zo Duba Ɗalibanmu

Lokacin da 'yar ƙanena ta zo karatu Dubai, ni na riga na daɗe a garin har wuyana ya daina ciwo da kallon dogayen gine-gine. Sana'ata kago ce. 'Yan kasuwa su shiga lungunan Naif su sayo abaya da takalma da jakunkuna da turare, ni in auna, in ɗaure, in tura musu gida ta sama ko ta ruwa. Ina zaune a Hor Al Anz, a wani fulat da muke rabawa da wata 'yar Nijar mai sayar da leshi, mace mai kaifin baki da kyan zuciya.

Ƙanena ne ya kira ni da labarin. Gwamnatin jiharmu ta zaɓi yara masu ƙwazo za ta tura su waje karatu, kuma sunan babbar 'yarsa ya fito. Shi shagon siminti da kwanon rufi gare shi a garinmu, kuma masu karɓar haraji sun san ƙofar shagon nan fiye da ƙofar gidajensu. Ya ce, "Yaya, yau dai na ga inda harajina yake zuwa." Na ce Allah ya sa albarka, ya turo ta ta zauna wurina, don kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai a nan ya isa a yi wa yarinya kayan ɗaki.

Ta sauka da akwati mai hoton gwamna gaba da baya. Duk faɗin filin jirgin nan ba mahaluƙin da zai ɗauki akwatinta bisa kuskure.

Jami'ar reshe ce ta wata jami'ar Turai, can bayan Al Warsan, inda gari ya fara ƙarewa rairayi ya fara. Ni na raka ta ranar farko. Wata ma'aikaciya mai murmushin da ba ya gajiya ta zaga da mu, tana Turanci, yarinyar tana fassara mini abin da ya wuce ni. An nuna mana ruwa mai tashi sama yana rawa da kiɗa. An nuna mana wani bango mai ƙulle-ƙulle da ɗalibai ke hawa da igiya a ƙugu, su kai ƙarshe su sauko, ba tare da sun tsinko komai ba. Akwai ɗakin barcin rana. Akwai ɗakin da aka zuba kyanwoyi masu gashi buzu-buzu, wai wanda karatu ya dame shi ya shiga ya shafa su ya samu sauƙi. Akwai har ofishin farin ciki, da darakta, da mataimakin darakta.

Da na ga mun kusa komawa ƙofar da muka shigo, na taɓa yarinyar na ce, "Tambaye ta, a ina ake karatun?"

Matar ta yi dariya kamar na yi barkwanci, sannan ta kai mu wani ɗan ɗaki a hawa na sama, kujeru a jere, ƙatuwar talabijin a gaba. Malamin yana can ƙasarsu. Ta nan yake fitowa, kuma yarinyar ta gaya mini daga baya cewa zango guda cur goshinsa kawai suka sani da silin ɗin ɗakinsa.

Duk da haka ta yi karatu. Ba zan ci haƙƙinta ba: yarinyar nan ta yi karatu kamar ta ci littafin. Takan tashi da asuba ta hau jirgin ƙasa, ta sauka ta hau bas, ta dawo da yamma ta taya ni ɗaure kwalaye tana bitar darasi da baki. Shekarar farko gwamnati ta biya komai, har da kuɗin abinci, ƙanena kuwa yana ta alfahari a kasuwa.

A shekara ta biyu jami'a ta aiko cewa ta ƙara kuɗi domin inganta rayuwar ɗalibai. Muka je muka ga ingancin: an rushe ƙofar shiga, wadda ba abin da ya same ta, an gina wata ta gilashi mai buɗe kanta. Gwamnati ta biya rabi, a makare. A shekara ta uku aka sake ƙari, aka kawo wani mutum-mutumi mai gaishe da baƙi da harsuna da yawa, ban da Hausa. A gida kuma aka yi zaɓe. Sabuwar gwamnati ta ce sai ta binciki yadda tsohuwa ta tura yaran, naira kuma ta bi gangara. Ko kwabo bai zo ba.

Sai jami'a ta rufe wa yarinyar shafinta na intanet. Ba ta ganin sakamakonta, ba a bari ta yi rajistar sabon zango, kuma bizarta a hannunsu take. Kyanwoyin dai ba a hana ta shafawa ba. A makon ne muka fito daga tashar jirgin ƙasa muka yi kiciɓis da hotonta, ya fi ƙofar gida girma, a allon tallar jami'ar. Ga ta da hijabinta ruwan toka, tana murmushi, ta rungume wani ƙaton littafi.

"Gwaggo, wallahi littafin ma ba nawa ba ne," ta ce. "Mai hoton ne ya miƙo mini, da ya gama ya karɓe abinsa."

Na yi dariya har na riƙe ƙarfe. Da na juyo na ga idonta ya ciko, sai na haɗiye sauran.

Ita da 'yan uwanta ɗaliban jiharmu suka yi bidiyo suna roƙon gwamnati, ya yaɗu a waya, aka yi ta tsinuwa da addu'a a ƙarƙashinsa. Gwamnati ta ji kunya, ta yi abin da gwamnati ke yi idan ta ji kunya: ta kafa kwamiti. Kwamitin da ya sauka Dubai ya fi ɗaliban yawa, kuma wasu sun zo da iyalansu don kada kewa ta hana su aiki.

Shugaban kwamitin, wani dattijo mai ƙamshi da taushin murya, shi ya neme ni da kansa. An gaya masa akwai 'yar jiharsu mai kago. Na ɗauka maganar yarinyar zai yi mini.

"Hajiya, an ce ke ce kika san inda ake samun gwal mai kyau ba tare da an yanke mutum ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Ni ce kuma gwaggon ɗaya daga cikin yaran da kuka zo dubawa."

"Masha Allah! Ashe abin duk na gida ne."

Sun gana da ɗaliban a zauren otal ɗinsu, wurin da kofin shayi ya kai kuɗin motar yarinyar na mako. Shugaba ya yi jawabi a kan haƙuri. Ya ce su jakadun jiha ne, su guji zubar da mutuncin gwamnati a waya. 'Yar ƙanena ta ɗaga hannu, ta miƙe cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, jarrabawa ta matso, kuma an ce ba za mu shiga ba. Yaushe za a biya?"

"'Yata, takardarku tana kan teburin mai girma. Sa hannu kawai ya rage."

Aka ɗauki hoto, aka tashi.

Washegari suka ziyarci jami'ar, na bi su a matsayin mai nuna hanya. Jami'ar da ta rufe wa yaranmu ƙofa ta shimfiɗa wa kwamiti jar darduma. Aka ba kowa allon girmamawa da hula mai tambarin makaranta. Mutum-mutumi ya gaishe su, shugaba ya amsa masa har da tambayar iyali. Da aka zo bangon hawa ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce wa sakatarensa ya rubuta, irin wannan ya kamata a gina a jami'ar jiha. A lokacin malaman jami'ar jihar suna yajin aiki a kan albashi. Sannan aka shige da su wani ɗaki aka rufe. Na zauna a waje ina ta salati, ina cewa yau dai za a yi ta ta ƙare. Suka fito suna tafi. Ashe yarjejeniya suka sa wa hannu ta turo ƙarin ɗalibai baɗi.

Sauran kwanakin a Naif muka yi su. Na kai su shagon gwal, na kai su na turare, na kai su na labule da kafet. Shugaba zai aurar da 'yarsa, don haka ya sayi kujeru da gado da firji da saitin tukwane. Wani ɗan kwamitin ya sayi injin motsa jiki, ya ce likita ne ya umarce shi. Kayan suka cika mini ma'ajiyar da nake haya a Al Warsan har ba wurin taka ƙafa. Suka biya ni kuɗin kago ba ciniki, suka hau jirgi.

Da na ba 'yar Nijar labari muna cin shinkafa, ta ajiye cokali ta dube ni.

"Ke dai Allah ya yi ki da sanyi. Kayan auren 'yarsa suna hannunki, karatun 'yarki yana hannunsa. Khalas, magana ta ƙare, me kike jira?"

Na ce amana ce, ban taɓa riƙe kayan mutum ba. Ta ce ita ba ta ce in riƙe ba, cewa ta yi kada in yi sauri.

Kwantena ta farko ta tashi ba kayansu. Ta biyu ma haka. Shugaba ya kira, muryar nan mai taushi ta ɗan yi tauri, ya ce biki ya matso, an raba kati.

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar kayanka tana kan tebur. Sa hannu kawai ya rage."

Ya ce in maimaita, na maimaita. Sannan ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Hajiya, kin iya aikin gwamnati."

Ban san wace ƙofa ya ƙwanƙwasa ba, amma kafin wata ya ƙare aka turo kuɗin zango ɗaya na duka ɗaliban. Yaran suka shiga jarrabawa. Ni kuma na loda kayansa har da tukwanen, ban rage ko murfi ba. An ce bikin ya ƙayatar. Daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyar gwamnati ba, sai rahoton kwamiti da ya fito yana cewa an samu ɗaliban cikin ƙoshin lafiya da yanayi mai kyau na karatu.

Shekarar ƙarshe mu muka ɗauka. Ƙanena ya sayar da filin da ya saya don ya gina wa kansa gidan tsufa, ni na ƙara da abin da na tara, bai isa ba. Yarinyar ta sa hannu da jami'a cewa za ta biya sauran kaɗan-kaɗan bayan ta gama, kuma shaidar digirinta za ta zauna wurinsu har sai ta cika. Ranar yaye su an yi wasan wuta, an kawo makaɗa, rigar bikin yayen ma sai da muka biya haya. Aka kira sunanta cikin waɗanda suka fi kowa, ta hau ta karɓi wata kyakkyawar jaka ta fata. Ta sauko ta buɗe mini: ba komai a ciki sai takardar neman gudummawa daga tsofaffin ɗalibai.

Ba shaida a hannu, ba kamfanin da zai ɗauke ta. Sai jami'ar da kanta ta ba ta aiki a sashen neman sababbin ɗalibai, tunda tana jin Hausa kuma fuskarta ta riga ta saba da allo. Duk wata suna cire nasu kafin albashin ya iso gare ta. Har yau a haka take, kuma har yau tare muke zaune.

Wata ranar Asabar tana aiki daga gida, ina gefe ina liƙa suna a kwalaye, na ji ta da wani uba daga Arewa. Ta sa wayar a bayyane don hannunta na kan kwamfuta. Mutumin yana ta murna, ya ce gwamnatin jiharsu ce za ta biya wa ɗansa komai, shi dai a turo masa hoton makarantar ya nuna wa abokansa. Ta karanta masa abin da aka rubuta mata ta riƙa faɗa, har da ruwa mai rawa. Sai ta tsaya, ta dube ni, ta gyara zama.

"Baba, zan turo maka hoton. Amma ka yi haƙuri da tambayata. Kana da wani fili da ba ka buƙata?"

Ya ce yana da guda biyu, me ya faru?

Ta ce, "To Alhamdulillahi. Bari in turo maka fom."