Tashar da Sabuwar Rediyo Ta Tsallake

Shekara ashirin da shida ina aikin wayar mota a Kalibiya, garinmu na bakin teku, ban taɓa jin rediyo mai mummunar murya irin ta Am Munsif ba (Am a wajenmu kamar a ce Baffa ne). Tun kafin ka hango motar za ka ji ta, shuuu, kamar ana suyar kifi. Luwaj yake ja, motar hayar nan mai shuɗin layi a gefe, fasinja takwas, kullum tsakanin Kalibiya da Hawariya. Gajeren dattijo ne mai jar hula da farin gashin baki. Ba ya wuce mota a kan kwana, ba ya barin tsohuwa a bakin titi da buhun barkononta, kuma in ka samu kalma goma daga bakinsa a wuni ka ci riba.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba shi, Ziyad. Shi uban ya so ya gaji motar. Yaron ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana jiran kujera ta takwas ta cika ba, ya bi kwalekwale ya tsallaka tsibirin Sisiliya na Italiya ba ko sallama. Labari ya zo cewa ya samu aiki a jirgin masunta. Ranar Am Munsif ya rantse bakinsa ba zai sake kiran sunan ba, ya kuma hana kowa ambatonsa a gidan. Shekara takwas ke nan.

Amma baki ne ya rantse. Akwai wani hawa bayan ƙauyen Dar Allush inda teku ke buɗewa a hannun dama, a nan tsohuwar rediyon kan kamo wata tashar Italiya da ke karanta yanayin teku da hantsi. Bai iya yaren ba. Kalmomi biyar ko shida ya tsinta wajen tsofaffin masunta, na iska da na igiyar ruwa, da su yake sanin ko ɗansa na cikin lafiya ranar. Babu wanda ya san haka, har ni. Fasinja dai tsiya suke masa.

"Am Munsif, ko amarya ka ajiye a Italiya ne?"

"Kujera ka hau, ba rediyo ba," in ji shi, yana murɗa abinsa a hankali.

Wata Juma'a 'yarsa Siham, malamar asibiti, ta zo mini da kwali a hannu. Ta saci makullin motar yana masallaci, ta kawo mini ita.

"Am Lutfi, don Allah ka raba mu da wannan abin kunya. Kafin a sallame nake so ka gama."

Rediyo ce irin ta yanzu, mai kama tasha ta dijital, da allo mai rubuta sunan kowace tasha, da 'yar eriya da ake mannawa a gilashi. Na ji daɗin aikin, ban ɓoye ba. Tsohuwar kuwa na wurga ta akwatin tarkace, kafin la'asar na feɗe ta na gyara ta wani da kayan cikinta.

Da ya zo na shiga burga. Na danna nan, na danna can, murya tas kamar mai labarai na zaune a kujerar gaba. Ya daɗe yana kallon allon.

"Ina abin murɗawa?"

"An wuce wannan zamanin, Am Munsif. Ita ke nemo tasha da kanta. Wadda muryarta ba ta fita sosai, tsallake ta take yi."

"Tsallake ta," ya maimaita. Sai ya juya ya sumbaci goshin 'yarsa ya sa mata albarka, ya ja motarsa.

Mako biyu bayan haka iskar arewa ta taso. Kwana uku jiragen ruwan garinmu na ɗaure, igiyar ruwa na dukan katangar tasharsu har feshi na kai wa titi. A rana ta uku da hantsi sai ga shi a ƙofar shagona, mota babu fasinja ko ɗaya, abin da ban taɓa gani ba.

"Lutfi, ina tsohuwar?"

Na nuna masa gawarta. Ya zauna a kan wata taya, ya cire hular ya riƙe a hannu, ya faɗa mini komai ba tare da ya kira sunan ba. "Yaron nan," yake cewa. Kwana uku bai san ko yaron nan na kan ruwa ko yana ƙarƙashinsa ba. Kunya ta kama ni sosai. Garin neman gira na tsone wa mutum ido, ina ta washe baki.

Na rufe shago muka tafi hawan. Na lalubo yadda ake neman tasha da hannu, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar ba ta san shuuu ba. Ko ta ba ka murya tas, ko ta yi gum. Gum ta yi mana, iska na girgiza motar.

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kuma haushin kaina nake ji, sai na sauke a kansa.

"Shekara takwas kana tambayar wani Bature lafiyar ɗanka, ga waya a aljihunka! Wannan wane irin taurin kai ne?"

"Na rantse, Lutfi."

"Rantsuwa ba ta da kaffara ne? Ciyar da mabuƙata goma. In ka rasa su ka fara da ni, lablabi nake so, romon waken nan mai burodi, da ƙwai biyu."

Bai yi dariya ba, bai kuma hana ni ba lokacin da na kira Siham na karɓi lambar. Na danna, na buɗe murya don kunnensa ya yi nauyi, na ɗora masa a tafin hannu. Ta yi ƙara sau biyar.

Aka ɗauka. Ya buɗe baki, sai abin da ya saba nema kullum ya fito.

"Yaya teku a wajenku?"

Can muryar ta ce, "Baba? Baba, wane teku? Ai shekara huɗu ke nan rabona da jirgi. Gini nake yi a Palermo. Na faɗa wa Siham, ta ce ba a kiran sunana a gida."

Na ga dattijon ya dubi ruwan nan da ke hauka a gabanmu. Shekara huɗu yana rage gudu a wannan hawa, yana shan tsiyar fasinja, gabansa na faɗuwa duk ranar iska, alhali yaron na kan tudu yana kwaɓa siminti.

"Shekara huɗu," ya ce. "Ziyad. Ziyad, ɗana."

Na buɗe ƙofa na fita cikin iskar, don akwai abin da bai kamata mai gyaran wayar mota ya ji ba.

Washegari da safe na same shi a bakin tashar mota gaban mai lablabi, ya jera kwano goma a kan teburi yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara na sha ɗaya, mai ƙwai biyu, ya turo mini ba tare da ya dube ni ba.