Yajin da Na Gyara wa Baba

Ni dai tun ina budurwa Allah ya jarabce ni da son a ce na iya girki. A unguwarmu ta Zahir babu gidan da ban leƙa tukunyarsu ba. Na koyi dama ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, da lemun tsami a wajen Larabawa maƙwabtanmu, na koyi miyar tsamiya mai barkono a wajen wata tsohuwa 'yar Sudan, har na fara raina abincin gidanmu. A Makka aka haife ni, ƙasar Hausa kuwa a bakin Baba kawai na san ta.

Baba mai tsire ne. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano yana saurayi, ta Cadi da Sudan, da niyyar ya sauke farali ya koma, sai aure da 'ya'ya suka zaunar da shi. Da gyaɗar Sudan yake yin ƙuli-ƙulin da yake barbaɗa wa nama. Mutane suna rububin tsirensa, shi kuwa kullum ƙorafi yake yi, wai gyaɗar ba ta kai ta gida ba. Mu mukan yi masa dariya, mu ce gyaɗa ai gyaɗa ce.

A Hajjin wata shekara cikin shekarun alif ɗari tara da sittin, lokacin na yi aure har da yara biyu, wani alhaji ɗan garinsu ya kawo masa ƙunshi daga ƙanwarsa, wadda rabonsa da ita tun tana yarinya. Ƙuli-ƙuli ne da ta soya da hannunta, bai fi cikin tafi huɗu ba. Baba ko gutsura bai yi ba. Ya zuba a gwangwani, ya ɗaure bakin da tsumma, ya ce sai ranar da 'ya'yansa da jikokinsa suka taru a ci tare, su ji da harshensu abin da ya shekara arba'in yana faɗa. A lokacin ciwon ƙirji ya riga ya kama shi, ya daina fita kasuwa.

Da zafi ya tsananta aka ba yara hutu, sai yayyena suka shirya mu fita Mina gashin nama. Idan alhazai suka watse, wurin wayam yake zama, sai duwatsu da iskar yamma, talakan da ba shi da halin zuwa Ɗa'if, garin sanyi, nan yake shan iskarsa. Ana gobe za mu tafi Baba ya kira ni, ya miƙo mini gwangwanin nan. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Uwata, hannuna ba ya iya taɓarya yanzu. Ki daka mini wannan. Citta kaɗan, barkono, gishiri. Halas, shi ke nan."

"Ɗayyib, Baba."

Bakina ne ya amsa, zuciyata tana wani wurin. Da na daka sai na ga garin ɗan mitsitsi ne, ga shi har surukaina an gayyata. Na shinshina, na ji ya ɗan yi warin tsohon mai saboda daɗewa. Na ce a raina, wannan zan kai gaban uwar mijina? Sai na hau gyara. Na zuba kammun, wani kayan ƙamshi na Larabawa, na daka busasshen lemun tsami da soyayyen riɗi, na ƙara ƙuli-ƙulin Sudan mai yawa don ya yi auki. Ban tsaya nan ba, na dama ɗahina a kwano guda, miyar tsamiya a wani, na jiƙa albasa a ruwan lemu, na yanka tumatir da na'ana'a. Wallahi a ranar ji nake babu macen da ta kai ni a Makka.

Bayan la'asar muka isa a motar ɗaukar kaya. Babban yayana ya hura gawayi, ya turmusa naman a yajina, ya jera tsinkaye. Baba yana nesa da hayaƙi saboda tari, an jingina shi da matashi, ya tara jikoki a gabansa yana ce musu, "Yau za ku ji garinmu." Na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Shi aka fara kai wa. Ya yi bismillah, ya rufe ido, ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa. Da ya buɗe ido ni ya nema a tabarmar mata, ya dube ni. Nan take na gane abin da na yi.

Uwar mijina kuwa tana ta dangwala nama a ɗahina. "Masha Allah, Alhaji, wannan ya fi na kasuwa."

"Ya fi, Hajiya," in ji Baba. "Uwata ta iya hannu."

Ya cinye tsinken nan tas don kada in ji kunya a gaban surukaina. Ɗiyata ta tambaye shi, "Jaddi, wannan ne na garinku?" Ya shafa kanta ya ce, "Ci abinki, Allah ya yi miki albarka." Kowa ya ci ya ƙoshi, ana ta sa mini albarka, ni kuwa ko loma ɗaya ban ci ba.

Da muka yi magariba muka hau mota, na zauna kusa da shi ina riƙe masa matashi. Mun fara ganin gidajen gari sai ya sunkuyo, ya rage murya don kada kowa ya ji.

"Uwata, ba ki rage ko kaɗan ba a gindin turmi? Wanda ba a taɓa ba."

Ai ni duk a turmi ɗaya na haɗa, na kuma wanke shi fes na kife.

"Babu, Baba."

"To, ba komai. Sai mu aika a kawo wani baɗi, in muna da rai."

Bai taɓa tayar da maganar ba, ko ga mahaifiyarmu bai faɗa ba. Da ma zagina ya yi, da na samu sauƙi. A watan Rajab ya rasu, tun jiragen alhazai ba su fara isowa Jidda ba. Abu ɗaya ya roƙe ni a tsufansa, citta kaɗan, barkono da gishiri, na ga kamar na fi shi sani.